Gwiwar Inna da Tawul ɗin Kawu

Zuwa ga Baƙuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin asibiti da ba ya ƙarewa. Mu nan lafiya lau, in aka cire gwiwar Innarki da kunnena. Har gobe Baƙuwa zan kira ki, ko da kin haifi goma. Wadda ta zo gidan mutane da niyyar mako biyu, ta yi shekara uku tana karatun nas, ai suna ya bi ta ke nan. Kakarki da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, amma a gidan nan ba mu taɓa kallonki da wannan nisan ba.

Kin san dalilin da ya sa na rubuto ban kira ba. Shekara talatin da huɗu kaina na bayan firji, inji na gurnani a kunnena, yanzu in an yi min magana ta waya sai in ji kamar daga cikin rijiya ake yi. Innarki kuwa ko ƙafar ce ta cire, in kin kira ta "lafiya lau" za ta ce miki. Maƙwabcinmu direban motar kaya yana bi ta garinku duk Lahadi, shi zai ajiye miki wannan a ƙofar asibiti.

Ga maganar. Likitan ƙashi ya ce gwiwar dama ta cinye, ƙashi ke gugar ƙashi, tsayuwar shekara talatin a gaban allo ce ta biyo bashinta. Za su cire ta su sa ta ƙarfe nan da mako biyar. Wannan bai dame ni ba, ni ma na sha canza wa firji inji ya tashi kamar sabo. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ya ce aikin yana cin jini, nata kuma ya yi ƙasa, kuma irin nata ba a cika samunsa ba. An gwada yaran duka biyu, ba wanda ya dace. Ya ba ta wasu jajayen ƙwayoyi, ya yi bayani da sauri yana kallon takarda, ni kuma rabin maganar ta wuce ni. Ke da kike tsaye a ɗakin tiyata kullum, ki faɗa min dalla-dalla: me ake yi don jinin nan ya zauna a jikinta?

Ni dai ina nan kan nawa. Kowace safiya in tafasa ruwa, in juye a farin kwanon nan da kika sani, in tsoma tawul, in matse, in gasa mata gwiwar ina dannawa a hankali har ruwan ya huce. Shekara sha tara ban fasa ba sai ranar da na yi tafiya. Ta ce in gaishe ki, kuma wai har yanzu ba ki dawo mata da almakashinta ba.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, na karanta ta a tsaye a bakin ɗakin canza kaya, ina dariya ni kaɗai har abokiyar aikina ta leƙo. Duk muna lafiya. Ka ce wa Inna almakashin nan ya zama ɗan gida, shi ma baƙunta ya zo.

Kawu, ka kwantar da hankalinka. Kusan kowane mako ana yin irin aikin nan a gabana, kuma yawancin mutane ba a ƙara musu jini. Amma rigakafi ya fi magani, kuma rabin aikin a gida ake yin sa.

Jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini ne. Ta sha su kullum, kar ta haɗa su da shayi, shayi yana hana su shiga jiki sosai. Sannan akwai ledar magunguna da Inna ke ratayewa a bayan ƙofar ɗakinta. Ka ɗauke ta gaba ɗaya ka kai wa likita, har da ƙwayar ciwon jiki da take saye a kanti ba tare da takarda ba. Wasu daga cikinsu suna tsinka jini. Kar ka tsayar da komai da kanka, shi zai zaɓa.

A ɗakin tiyata akwai allurar da ake yi don jini ya yi saurin tsayawa, wani lokacin kuma a ɗaure cinya a lokacin aikin. Wannan namu ne, ba naka ba. Ka dai tambaya ko za a yi mata allurar.

Naka yana farawa ne ranar da kuka dawo gida. Ka tuna kana koya min cewa firji yakan zubar da gas ba a gani, ba a jin ƙara, sai dai a wayi gari ya daina sanyi? Haka gwiwa take bayan aiki. Jinin da ake gani a bandeji kaɗan ne, mai yawan a ciki yake tsiyaya, cikin nama. Kuma za su ba ta maganin da ke hana jini daskarewa a jijiya, don haka ƙaramin yoyo ma yakan daɗe bai tsaya ba. A ɗaga ƙafar a kan matashi, a bar bandejin yadda suka naɗa, ta yi motsa jikin da suka koya mata, ba ƙari ba ragi. In ka ga tana jiri, ko leɓenta ya yi fari, ko gwiwar ta yi tauri tana ƙara kumbura, ku koma asibiti a ranar.

Sai ƙanƙara. A naɗe ta a ƙyalle, a ɗora minti sha biyar, sau uku ko huɗu a wuni. Ai an zo fagenka, mai firji! Farin kwano da tawul kuma su tafi hutu, sun yi aikin gwamnati sun gama.

Allah ya sa a yi a sa'a. Na nemi hutu, an ce sai wata mai zuwa.

'Yarka, Baƙuwa

*

Zuwa ga Baƙuwa,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Albishirinki: an yi aiki lafiya, kuma ba a ƙara mata ko ɗigo ba. Na bi takardarki layi-layi. Na kai ledar magunguna, likita ya zazzage ta a kan tebur, ya ware kala biyu ya ce a ajiye. Na tambayi allurar da kika ce, ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Baba, wa ya gaya maka wannan?" Na ce ina da 'ya a cikinku. Kwana huɗu muka yi aka sallame mu. Yau kwananmu shida a gida, tana takawa da ƙarfen dogarawa daga gado zuwa bakin ƙofa, tana yi min faɗa kan na sauya wa kujeru wuri.

Maganar ƙanƙara kuwa, na gwada kwana uku saboda ke. Baƙuwa, ban iya ba. In ɗora mata, in ga ta runtse ido tana cije leɓe, sai in saita agogo in fita tsakar gida har lokaci ya cika. Ni na san sanyi fiye da likitocinku, da shi na ci abinci. Sanyi na naman da ya riga ya mutu ne, don kar ya lalace. Jiki mai rai ɗumi yake so. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na ga tsokanarki a kan kwano da tawul, wai sun yi ritaya. Ai ba ni na sa musu hannu ba! Shekaranjiya na dawo da su bakin aiki. Ba na taɓa wurin ɗinkin, gefe da gefe nake gasawa da bayan gwiwar, ina dannawa kamar yadda na saba. Da kin ga fuskarta da kin yarda da ni. Har hira muka yi, ta tuna min ranar da na gyara firjin makarantarsu ya ƙone washegari.

Gwiwar ta ɗan ƙara girma, kuma wani shuɗi-shuɗi ya sauko har ƙwauri. Ina ganin mataccen jinin ne zafin ke korowa, alamar gashin yana ci. Tana yawan barci da rana, amma wanda aka yanka wa ƙashi ai dole ya gaji.

Ki gaida maigidanki da yara.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa a taƙaice, ka yafe min. Yanzu na buɗe wasiƙarka, kwana biyu tana jirana a wurin maigadi.

Don Allah ka daina gashin nan daga yau. Ba wasa nake yi ba, kuma laifina ne da na rubuta shi kamar wasa. Zafi yana buɗe jijiyoyi, dannawa kuma tana hana inda aka yanka rufewa. Shuɗin nan da ƙarin kumburin, haɗe da yawan barci, su ne yoyon da na gaya maka. Ku je asibiti a auna jininta, kar ku jira ranar da aka ba ku.

Na kira wayarka sau huɗu ba ka ji ba. Na kira Inna, na faɗa mata duk wannan da bakina, na ce ta gaya maka yanzu-yanzu. Ta ce min, "To, na ji, 'yar nan, lafiya lau nake." Ban yarda da wannan lafiya lau ɗin ba, shi ya sa nake rubutowa. Zan kai wa direba da kaina kafin ya juya.

Baƙuwa

*

Zuwa ga Baƙuwa,

Assalamu alaikum. Ina rubuta miki daga benci a barandar asibiti, takardar a kan cinyata, ki yi haƙuri da rubutun. Innarki tana ciki, da sauƙi yanzu.

Wasiƙarki ta yi kwana biyar a hanya. Motar direba ta lalace, sai jiya ya kawo min ita har nan. Kafin nan abin ya riga ya faru. Ranar Lahadi da safe na gama gashi, na fita zubar da ruwa, na ji ƙarar ƙarfen dogarawa a ƙasa. Na tarar da ita zaune a bakin gado, kanta ya langaɓe, leɓenta fari kamar takarda. A asibiti suka ce jininta ya sauka sosai, ya taru a cikin gwiwar. Wuni guda ana buga waya ana neman irin nata, ni ina zaune a nan ina kallon ƙofa, har Allah ya sa aka samo leda biyu daga wani asibiti. Sun ce gwiwar ba ta lalace ba, amma motsa jikin zai koma baya.

Likita ya tambayi abin da muke yi a gida. Na gaya masa komai. Bai ɗaga min murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce ba lalle gashin kaɗai ne ba, amma ya taimaka. Ni da na koya miki yoyon da ba a gani, ni ne na tsaya a kansa kwana goma ina cewa alamar sauƙi ce. Garin neman gira na kusa rasa ido. Sabo turken wawa, Baƙuwa, kuma kin san wawan.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Layi ɗaya ne a wasiƙarki. Kin ce kin kira ta, kin faɗa mata, kin ce ta gaya min. Na duba wayarta, ranar Talata kika kira. Laraba na kawo kwano, ta miƙo ƙafa. Alhamis haka, Juma'a haka, Asabar haka, har Lahadin. Ba ta ce min uffan ba.

Na juya abin ta kowace fuska, amsa ɗaya nake samu. Tsorona take ji. Ta gwammace jininta ya ƙare da ta ce min na yi kuskure. Na san ina da taurin kai, na san ba na son a gyara min aiki, yaran shagona ma sun sha faɗa a bayana. Amma shekara arba'in da ɗaya, ashe na zama mutumin da matarsa ba za ta iya ce masa "bari" ba? Ban tambaye ta ba. Ina shiga in gyara mata matashi, in fito. Ke kin zauna da mu, kin ga abin da ni ba na gani. Ki faɗa min gaskiya, ko da ba daɗi.

Kawunki

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. An ba ni hutu, ina tafe ƙarshen wata, da almakashinki a jaka.

Inna, ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi da ke. Na yi kuka a ɗakin canza kaya, sannan na yi fushi. Ke da kika koyar da yara shekara talatin, ba za ki ce ba ki gane maganata ba. Na san ba tsoron Kawu kike ji ba, a gabana kin sha kore shi daga kicin da ludayi. To mene ne?

Ban ba shi amsar wasiƙarsa ba, domin amsar ba a hannuna take ba. Yana can yana cin kansa, yana ganin ya zama dodo a gidansa. Kar ki ce min lafiya lau. Ki ɗauki biro ki rubuto min da hannunki.

'Yarki, Baƙuwa

*

Zuwa ga Baƙuwa,

Wa alaikumus salam, 'yar nan. Jiki da sauƙi, wannan karon da gaske. Mun dawo gida kwana tara ke nan. Kumburin ya sauka, shuɗin ya koma rawaya, jiya na taka har bakin titi na dawo. An sake auna jinin, yana hawa. Fushinki kuwa na karɓa, kin fi ni gaskiya.

Na gane maganarki sarai ranar da kika kira. Tun kafin ke ma, nas ɗin da ta sallame mu ta ce min ban da ruwan zafi, lokacin Kawunki ya je ɗauko mota. Na sani, na yi shiru. Na ce a raina kwana biyu ba za su yi komai ba, biyu suka zama goma. Wauta ce, ba ni da wani suna da zan ba ta.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kin san Kawunki a takarda, bakinsa kamar rediyo. A gida fa? Shekara uku kika yi da mu, sau nawa kika ji ya haɗa zance uku a jere in ba a kan firji ba? Bai taɓa ce min sannu da baki ba, da tawul yake faɗa. In ya durƙusa a gaban kwanon nan, kansa a ƙasa, hannunsa na aiki, a nan ne kawai bakinsa ke buɗewa. Auren yaran nan duka a kan kwanon muka yanke shi. Ranar da ya rufe shago, a nan ya gaya min yana jin tsoron zaman gida. Da kunnensa ya fara tafiya, wannan ne kaɗai wurin da yake kusa da ni har ya ji maganata ba sai na ɗaga murya ba.

Da aka ce za a sa min sabuwar gwiwa, kowa yana murna zan rabu da ciwo, ni ina tunanin me zai kawo shi gabana da safe. Sai ga ƙanƙararki. Ya ɗora, ya saita agogo, ya fita. Kwana uku ina kwance ni da agogo. Ranar da na ji ƙarar kwanon a kicin, wallahi Baƙuwa, daɗi na ji har cikin raina.

Bayan wasiƙarki na kira shi, na ce ya matso da kunnen da ke ji. Na ce, "Malam, ni ban taɓa jin tsoronka ba, ko ranar da aka kawo ni. Kwaɗayi ne ya sa na yi shiru." Ya ce kwaɗayin me. Na ce na hira. Sai ya miƙe ya ce bari ya duba ko ƙanƙara ta yi. Ya jima a kicin fiye da yadda duba ƙanƙara ke ɗauka.

Yanzu ya zama sarkin ƙanƙara. Ya samo wata ledar roba mai lanƙwasa daidai gwiwa, ya ware mata wurinta a firji, ba mai taɓawa. Yana zama kusa da ni har minti sha biyar ɗin su cika, amma hannunsa ba aikin yi, sai ya yi ta murza yatsu, bakin kuma a rufe. Kwanon ya kife shi a saman kabad, ko kallonsa ba ya yi.

Shi ya sa shekaranjiya na ce masa gwiwar hagu ta fara min ciwo, tunda ita ke ɗaukar nauyi yanzu. Ya yi tsaye, ya ce sai an tambayi likita. Aka tambaya, likita ya ce hagu ba ruwansa, muddin ba a kusanci dama ba kuma ruwan ba mai ƙuna ba ne. Jiya da safe ya sauko da kwano. Dama tana kan matashi da ƙanƙararta, hagu tana cikin tawul, shi kuma yana ba ni labarin wani firji da ya gyara tun kafin a haife ki.

Hagun nan lafiyarta ƙalau, ko ɗis ba ta min ciwo. Ke nas ce, kin san riƙe sirrin majinyaci. Abu ɗaya nake so ki faɗa min tsakani da Allah, kuma wannan karon duk abin da kika ce shi zan bi: ruwan ɗumi yana ɓata lafiyayyar gwiwa? In yana ɓatawa, ki rubuto min da manyan baƙaƙe. In ba ya ɓatawa, ki zo da almakashina, ki yi shiru.

Innarki